Ƙarfe na biya, ba mastik ba: yadda muka tayar da 404 ɗin Baba a Garwa

Shekara 19 motar Baba ta yi a kan bulo huɗu, ƙarƙashin rumfar kwano da ke bayan gidanmu a Garwa, ƙasar Kamaru. Peugeot 404 ce, fara mai ruwan madara, ƙirar 1972. Hannu na biyu ya saye ta, wurin wani Bature mai aikin auduga da zai koma Faransa. Tun da aka karya darajar sefa a watan Janairun 1994 kayan gyaran da ake kawowa daga Turai suka ninka kuɗi, Baba ya koma lallaɓa ta da abin da ake samu daga Najeriya, har ƙarfinsa ya ƙare, ita ma nata ya ƙare. Bayan rasuwarsa 'yan gwangwan sun zo taya ta sau uku. Duk zuwansu Inna kan ce, "Ku bar masa motarsa." Ba ta taɓa cewa "motar marigayi" ba.

Da aka buɗe iyakar Najeriya a ƙarshen 2020, bayan fiye da shekara guda tana rufe, sai na ga hanyar samun kaya ta samu. Na karɓi kwasar adashina na kasuwa, na ce da Kawu, ƙanin Baba wanda ya fi kowa tuƙa motar, ina so in tayar da ita. Ya daɗe yana kallona, sannan ya ce, "Injin ba zai ba ka wahala ba. Jiki ne zai ba ka." Na ji maganar, amma ban riƙe ta yadda ya kamata ba.

Injin kuwa bai ba ni wahala ba. Kawu ya kai ni wurin wani dattijon bakanike da ya yi ƙuruciyarsa a kan irin waɗannan motoci. Injin 404 silinda huɗu ne, cc 1618, a kishingiɗe yake cikin mota, kuma hannun rigar silindarsa ana zare shi a sa sabo, ba sai an kai injin duka an goge ba. Fistin, zobba da gasket daga Kano aka kawo mana su, daga kasuwar Ƙofar Ruwa, ta hannun wani direba mai bin Yola. Albarkacin kamfanin Peugeot na Kaduna ne, wanda ya fara harhaɗa motoci a 1975: har yau kayan Fijo ba su yanke a kasuwannin Arewa ba. Dattijon ya wanke kafireto, ya kai lagireto aka kwance aka wanke, ya ja mini kunne a kan abu ɗaya, cewa ƙafar baya ta wannan mota irin ta dā ce mai haƙorin tagulla, kada in yarda yaron gidan mai ya ɗura mata man giya na kowace mota. Mako biyar, jaka 380, wato sefa dubu 380. Ranar da ta tashi, hayaƙi ya turnuƙe garejin, almajiransa suka yi ta tafi.

Sai jiki.

A nan wurinmu "toliye" muke ce wa mai gyaran jikin mota, a tsallaken iyaka su ce fanabita. Wanda aka nuna mini matashi ne kamar sa'ata, garejinsa cike da tasi da ƙananan bas, kuma kowa na yabon hannunsa. Na ga wata mota da ta yi karo da tirela, ya miƙe ta har ba ka gane inda ta bugu. Muka zagaya 404 tare, ya ƙwanƙwasa nan ya ƙwanƙwasa can, ya leƙa ƙarƙashi da tocilan waya. Na ce, "Patiron, so nake ta dawo kamar yadda take a dā." Ya ce, "Malam, ka bar mini. Wata biyu za ka zo ka ɗauki amarya." Muka yi ciniki a kan jaka 600, gyaran jiki da share fage har zuwa fenti. Ya nemi jaka 400 a hannu saboda sayen kaya, na tura masa ta waya a tsaye a wurin. Ba mu rubuta komai ba. Ba mu kira shaida ba. Duk rigimar da ta biyo baya daga wannan tsayuwar ta minti 20 ta fito, domin "kamar yadda take a dā" abu ɗaya nake nufi da shi, shi kuma wani abu daban ya ji.

Wata biyu suka wuce ba a ko cire kujeru ba. Duk zuwana sai in tarar an tura ta can ƙarshen fili, an ɗora mata ƙofofin wasu motoci a kan rufi. Yau an ɗauke wuta, gobe iskar walda ta ƙare a gari, jibi yaron da ya iya aikin ya tafi ƙauye biki. Wasu uzurorin gaskiya ne, ni ma a garin nake, na san yadda wuta ke yi mana a watan Maris da Afrilu lokacin da zafi ke haura digiri 40. Amma ina gani da idona tasi na shigowa da safe ta fita da yamma. Mai tasi yana tsaye a kansa, kuɗin cefanensa na jikin motar. Ni kuwa na riga na biya, kuma ba na sauri. A gareji irin wannan, wanda ya biya tun farko shi ne na ƙarshe a layi.

A wata na huɗu ya kira ni ya ce sun kankare fenti sun tarar da tsatsa ta ci fiye da yadda ya zata, sai na ƙara jaka 150. Wannan ban yi musu ba, don na je na gani. Ƙarƙashin tabarmar roba ta gefen direba ƙasa kake hangowa ta ramuka, kamar rariya. Dogon ƙarfen da ke ƙarƙashin ƙofofi, na dama da na hagu, ya zama kamar ɓawon gyaɗa. Gindin but inda ruwa ke kwanciya ya ruɓe, haka kewayen gilashin baya inda roba ta bushe ta tsage. Ba ruwan sama kaɗai ya yi wannan ba. Shekara da shekaru ƙura na taruwa a lunguna, damina ta jiƙa ta, ta riƙe danshi a jikin ƙarfe har rani. Na biya ƙarin.

Bayan mako uku ya aiko mini hotuna. Mota ta yi sumul, an fesa mata toka-tokan share fage, layin gefenta ya miƙe tun daga fitilar gaba har tsinin baya, irin zanen nan na kamfanin Pininfarina na Italiya da ya sa ake gane 404 tun daga nesa. Na yi murna ƙwarai, na nuna wa Inna a waya. Kawu ne kawai bai ce komai ba. Washegari ya ce in zo mu je tare, ya ciro wani abu daga aljihun rigarsa ya nuna mini: mayen ƙarfe ne, na tsohuwar lasifikar rediyo, ya naɗe shi da ƙyalle don kada ya karce fenti.

Muna isa ya ɗora shi a kan rufi, ya kama ɗam. Ya ɗora a kan bonet, ya kama. Ya sunkuya ya ɗora a ƙarƙashin ƙofar direba, sai ya sulale ya faɗi cikin ƙura. Ya ɗauka ya matsa gaba taki ɗaya, ya sake faɗuwa. Ya bi dogon ƙarfen nan tun daga tayar gaba har ta baya, babu inda ya kama sai wuri biyu. Sannan ya karɓi sukundireba a hannun wani almajiri, ya dafa bakinta a wurin ya danna da tafin hannu. Ta shige kamar cikin sabulu. Farin garin mastik ya zubo. Ya ɓantaro wani gutsure mai kaurin yatsa, a bayansa ga ragar sauro ta taga, a bayan ragar ga gwangwanin madara da aka buɗe aka daddaƙe, rubutunsa ma bai goge ba. Tsatsar tana nan a ƙarƙashi yadda na bar ta, ja wur.

Ni ba ƙin mastik nake yi ba, kuma duk mai cewa an gyara tsohuwar mota ba a taɓa shi ba, da wuya ya faɗi gaskiya. Ƙullu ne da ake haɗawa da ɗan jan maganinsa, cikin 'yan mintoci ya daskare, a zafin Garwa ma kafin ka gama shafawa ya fara ƙarfi. Aikinsa cike ƙananan lotsawa da guduma ta bari, shafi siriri na milimita biyu ko uku a kan ƙarfe mai lafiya. Amma ba ya ɗaukar nauyi, kuma idan aka rufe tsatsa da shi ba ta mutuwa, ci take yi a ɓoye, damina ɗaya ko biyu fenti ya kumbura ya fashe. Abin da ya fi tayar mini da hankali shi ne 404 salun ba ta da shasi daban irin na babbar mota. Jikin shi ne ƙashin bayanta. Daɓen ƙasa da waɗannan dogayen ƙarafa biyu su ke riƙe da gaba da baya. A kan hanya mai gargada irin ta Gashiga, mota mai gwangwani a wannan wuri ƙofofinta za su fara ƙin rufuwa, in kuma aka yi karo, Allah ya kiyaye, naɗewa za ta yi da mutanen ciki. Cikin wannan motar nake shirin sa mahaifiyata da 'ya'yana.

Na ɗaga murya a ranar, ban ɓoye ba. Na ce ƙarfe na biya, ba mastik ba. Shi ma ya ɗaga tasa. Ya ce, "Malam, ka ce in yi maka ta yi kyau, ga ta ta yi kyau. Wa ya taɓa yanka daɓen mota ya ƙera sabo a jaka 600? Je ka tambaya ko'ina a garin nan." Na ce to ƙarin 150 ɗin na mene ne? Ya ce na mastik da samfefa da ladan yara. Na ce zan ɗauke motata. Ya ce ba ta fita sai na cika ragowar jaka 200, kuma daga yau zai fara lissafa mini kuɗin ajiya, jaka ɗaya kowace rana. Ya sa aka ja wata matacciyar bas aka tare mata hanya.

Daren nan ban yi barci ba. Da safe niyyata komisariya, wato ofishin 'yan sanda. Wani abokina ma'aikacin kotu ya ce in ina son hujja mai ƙarfi sai in ɗauko wisiye, wato jami'in shari'a mai rubuta shaida, ya zo ya rubuta abin da ya gani, amma ya tambaye ni takardar debi, wato ƙiyasin aiki da kuɗinsa a rubuce. Na ce babu. Ya ce to me za a gwada aikin da shi? Abin da kawai nake da shi saƙon tura kuɗi ne a waya, wanda ya nuna na biya, bai nuna na me ba. Kawu ya ƙara da nasa: "In ka kai shi hukuma, motar za a ɗauke a ajiye a fili, rana da ruwa su gama abin da tsatsa ta fara. Kai da shi ku yi ta zarya. Akwai manyan sana'arsu, mu je can tukuna."

Shugaban masu garejin yankin dattijo ne, tsohon toliye da idonsa ya raunana saboda walda. Ya sa mana rana bayan la'asar, a garejin, gaban motar. Ya zo da mutum biyu. Bai bari kowa ya yi magana ba sai da ya durƙusa da kansa ya shafa wurin da Kawu ya ɓantare, ya sa hannu cikin ramin ya ciro gwangwanin ya ajiye a kan bonet, inda kowa ke gani. Sannan ya ce in faɗi nawa, toliyen ma ya faɗi nasa.

A nan na ji abin da ban sani ba. Toliyen ya amsa cewa daga cikin jaka 400 na farko, fiye da rabi ya sa su a aikin wata bas da mai ita ya matsa masa, da niyyar in an biya shi ya mayar. Mai bas ya ɗauki mota bai cika ba. Da ya buɗe tawa ya ga girman ɓarnar, ya san kuɗin ba za su kai ba, kunya ta hana shi faɗa mini, sai ya rufe. Ya ce shekara 15 yana aiki ba wanda ya taɓa zuwa masa da mayen ƙarfe, don masu tasi da dillalan mota abin da ido zai gani suke saye. Na yarda da wannan. Ba ta wanke shi ba a wurina, amma na gane ba don ya raina ni ya yi ba. Aikin da kasuwarsa ta koya masa ke nan.

Dattijon ya juya gare shi ya ce, "Kowa ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski. Da ka buɗe ka ga abin ya fi ƙarfin kuɗin, sai ka kira mai mota ka ce ga gaskiya. Ƙarin da ka karɓa da sunan tsatsa, tsatsar tana nan." Ni kuma ya ce mini, "Kai ma ɗana, araha ba ta ado. Aikin da kake so ba na jaka 600 ba ne, kuma ba a ba mai sana'a kashi biyu cikin uku tun bai ɗaga guduma ba." Hukuncinsa: a kankare duk mastik ɗin ƙasa, a yanke ruɓaɓɓen ƙarfe a sa sabo. Ni zan sayi falankin ƙarfe da iskar walda da hannuna. Shi zai yi aikin ba tare da sabon lada ba, ragowar jaka 200 ta koma 100, ba zan biya ba sai an gama an gwada. Maganar kuɗin ajiya ta mutu. Aka ba shi kwana 45. Wannan karon ɗaya daga cikin mutanen ya rubuta a takarda, da Faransanci, wuri-wuri: daɓen gaba na hagu da na dama, dogayen ƙarafa biyu, gindin but, kewayen gilashin baya. Muka sa hannu, shaidu suka sa, aka yi fatiha.

Daga nan na sauya yadda nake bin aikin. Kullum bayan na rufe shago sai na biya ta garejin, ko minti goma ne. Na ce kada a shafa komai a kan walda sai na gani na ɗauki hoto. Kawu ya samo labarin wata matacciyar 404 a-kori-kura a wani gida kusa da Pitowa, kaji na kwana a ciki. Gabanta iri ɗaya ne da na salun, muka saye ta jaka 60 muka yanko abin da ke da rai, har da madigadin dama da ya fi namu lafiya. Sauran kuma toliyen ya ƙera su daga sabon falanki mai kaurin milimita ɗaya.

A nan ne na ga hannun da ake yabo. Ya yanki kwali ya kwaikwayi siffar wurin, ya zana a kan falanki, ya yanka, ya ɗora a kan guntun ƙarfen reluwe yana bugawa da guduma har ya fitar da ƙwaruruwan da ke ƙara wa daɓe ƙarfi. Kafin ya yanke dogon ƙarfen gefe sai da ya gicciya bututu a bakin ƙofa ya ɗana shi da walda, don kada jikin ya sunkuya. Wajen haɗawa ba ya jan wuta a miƙe, ɗigo yake yi nan, ya tsallake ya yi can, yaro na bi da jiƙaƙƙen tsumma, saboda siririn ƙarfe in ya sha zafi murɗewa yake yi. Ya iya aikin sarai. Wannan ya fi komai ɓata mini rai a kwanakin farko, daga baya kuma shi ya sa na huce. Ya ɗauki kwana 58, ba 45 ba, ban ce komai ba. Ranar gwaji Kawu ya bi ta da mayen ƙarfensa taki-taki, ya kama ko'ina. Na ƙirga wa toliyen jaka 100 a gaban dattijon. Na ƙara wa yaran jaka 10.

Fenti wani wuri na kai, ba don fushi ba, toliyen da kansa ya ce wurinsa a buɗe yake, ƙura za ta ɓata. Mai fentin ya ce mu yi sauri mu kama tsakanin ɗaukewar ruwa da saukowar hunturu, wato ƙarshen Oktoba zuwa Nuwamba, domin in buji ya taso ko a ɗaki kake sai ya sami hanya, a bazara kuma fenti kan bushe tun bai kwanta ba ya yi ƙurji kamar ɓawon lemo. Launin asali a cikin murfin but muka same shi, inda rana ba ta taɓa gani ba, da shi aka haɗa. An fara da jan maganin tsatsa, har cikin dogayen ƙarafan aka fesa. Ranar fentin ƙarshe tun bayan asuba suka yayyafa ruwa a ƙasa, suka rufe ƙofa da tamfol. Da mai fentin mun rubuta komai tun farko: jaka 320, kashi uku, kowane kashi bayan na ga matakin da ya gabata.

Birki, tayoyi da wayoyin wuta sun ci jaka 310, kujeru 140. Da takardu, wato sauya sunan kart giris (takardar mallakar mota) daga na Baba, inshora da duba lafiyar mota, da kuɗin ja da ƙananan abubuwan da ban rubuta ba, abin ya tasam ma miliyan biyu. Na san ba wanda zai saye ta haka a Garwa, ni ma ba ta sayarwa ba ce. Daga ranar da ta bar gida zuwa ranar da ta dawo wata 11.

Ranar Juma'a na fito da ita. Inna ta ƙi zama a baya, ta ce gaba take zama. Giyar 404 a jikin sitiyari take, sai da Kawu ya yi mini kwana biyu yana koya mini kafin hannuna ya saba. Muka bi ta gaban filin wasa na Rumde Ajiya, lokacin ana ta shirin gasar cin kofin Afirka ta farkon 2022, muka gangara har gadar Binuwai muka juyo. Masu babur na bin mu suna ɗaukar hoto, wani tsoho a bakin hanya ya ɗaga mana sandarsa. Inna ba ta yi magana ba sai da muka kusa gida, ta ce ƙarar ƙofar ce ba ta canza ba.

Robar gilashin baya ce har yanzu ban samu ta asali ba. Wadda aka yanko mini daga ta wata mota tana ɗan yoyo a kusurwar hagu, na gani a ruwan farko. Na ba direban Kano tsohuwar ya tafi da ita samfur, ya ce in bai samu a Ƙofar Ruwa ba zai sa a duba Panteka a Kaduna. Kafin nan, duk ranar da hadari ya haɗo ina cire tabarmar but in goge wurin da tsumma, in bar murfin a buɗe ya sha iska.